Ranar da Goggo Sitati Ta Wanke Tikitinmu

A gyara zama, a rage rediyo, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Zan gabatar muku da shugabar rundunar zannuwan gado, mai ba datti wa'adin kwana ɗaya, wadda maiƙo ke jin takunta ya fara haɗa kayansa: ƙanwar babana, Goggo Sitati. Shekara ashirin da bakwai ta yi a ɗakin wanki na asibiti, kuma har ta ajiye aiki ba a taɓa dawo mata da zani an ce da saura ba. Tsawonta bai kai kafaɗata ba, amma in ta kalle ka ta saman tabarau, sai ka ji kana duba wuyan rigarka.

A wurin aikin ta samo sunan. Likitoci suka laƙaba mata, wai rigar da ta goge tana iya tsayawa da kanta ta duba marar lafiya ko babu kowa a ciki. Mijinta direban motar asibitin ne, ya rasu tun ina rarrafe. Da wannan wankin ta raini 'ya'ya biyu, su kuma suka haifa mata jikoki biyar. Ɗakinta ɗaya ne da 'yar baranda. Akwai gado, akwai teburin guga, akwai akwatin da tawul-tawul ke kwance a ciki a ninke, kusurwa kan kusurwa. Tafin hannunta ya yi santsi kamar na jariri, ruwa da sabulu sun cinye zanen.

Ni na dawo hannunta ne bayan mun rabu da makaranta a aji huɗu na sakandare. Ba faɗa muka yi ba, kowa ne ya gaji da kowa. Tun daga nan na taɓa gyaran waya, na taɓa kwandasta, na taɓa sayar da tabarau a bakin titi. Goggo na kirana Tsuntsu, wai ban san amfanin kujera ba.

A bayan gari akwai wani gidan wasa mai katanga da fitilu, kuma ta saman katangar ake hango babban lilo mai juyawa, kamar ƙafar keke da aka tsayar ta kai sama. Duk ranar da Goggo ta shiga bas da jikokinta, sai su manne hanci a gilashi har a wuce. Ƙaramarsu, Auta, 'yar shekara shida, ta taɓa tambaya ko mutanen da ke can sama suna iya taɓa girgije. Goggo ta ce mata za ta je ta taɓa da hannunta. Goggo ba ta iya wasa da magana ba. Daga ranar ta koma karɓar guga a unguwa, tana tarawa, wata tara cur.

Abin da ta tara ya isa tikitin mutum bakwai da kuɗin bas, bai bar komai ba. Tikiti ɗaya yana ba ka hawa komai a ciki, amma cikinka ba ya cikin lissafin. Wani abokina da ya taɓa shiga ya ce gorar ruwa ɗaya a can kuɗin guda huɗu ce a waje, kuma in ka tambayi kuɗin cinyar kaza sai ka ɗauka da kejin za a haɗa maka. Ga allo a ƙofa: ba a shiga da abinci ko abin sha. Jaka ma sai an bincika.

Ni na kawo shawara a cusa dafaffen ƙwai a safa, a ɗaura wa Auta burodi a baya a ce 'yar tsana ce. Goggo ta ce ba ta tara kuɗin wata tara don a kama ta da ƙwai a ƙafa ba.

Abin da ta yi shi ne, saura mako guda, ta hau bas ita kaɗai ta je ta zauna a bencin wani mai faci da ke tsallaken titi, daidai ƙofar. Wuni ta yi tana kallo. Ta dawo da rahoto kamar 'yar leƙen asiri. In ka shiga, ana karɓe tikitin a jefa a akwati, a buga maka hatimi a bayan hannu. Da wannan hatimin kana iya fita ka dawo a ranar. Kullum ana canza launin tawadar. Akwai famfo a ciki kusa da bayan gida. Mai facin kuma yana da inuwar bishiya, ya yarda ya ajiye mata kula, ita kuma ta wanke masa rigunan aikinsa biyu da suka manta asalin launinsu.

Ranar tafiya ta ɗura mana shayi da burodi har Auta ta ce cikinta ya yi tauri. Na ɗauki kula mai shinkafa da kaza da ƙwai da lemo, na sauke wa mai faci. A ƙofa mai binciken jaka ya zaro gora bakwai daga jakar Goggo, ya girgiza su ɗaya bayan ɗaya, duk babu komai a ciki. Ya kalle ta, ta kalle shi ta saman tabarau, ya mayar. Aka buga mana hatimi, tauraro mai launin shunayya. Muna shiga muka nufi famfo muka cika gorunanmu, kamar masu shirin ƙetare hamada.

Goggo ta tsara komai. Duk abin da ke jijjiga ciki, motocin karo da jirgin da ke faɗowa daga sama da kofunan da ke juya mutum har ya manta sunansa, a yi su kafin abinci, don ba ta zo wanke amai ba. Babban lilo kuwa a hankali yake tafiya, shi ne na bayan abinci, shi ne rufe taro. Hanyar da muke bi ma ita ta zana. Duk inda ta hango rumfar mai sayar da kayan sanyi, sai ta nuna ɗaya ɓangaren ta ce wa yara su dubi wancan dokin. Sau huɗu muka dubi dokin nan. Wani magidanci ya wuce mu riƙe da faranti biyu, 'ya'yansa na ja masa riga, fuskarsa kamar wanda aka karanta wa sakamakon gwaji. Na so in yi masa jaje.

Da rana ta take, muka fito muka tsallaka titi. Goggo ta shimfiɗa leda a ƙarƙashin bishiya, ta buɗe kula, ƙamshi ya tashi har mai faci ya ajiye guduma. Sai ta zaro sabulu da farin tawul ta ce a yi layi.

Ku fahimci wani abu. A wurin Goggo wanke hannu ba tsoma yatsu ba ne. Irin na asibiti ne: ciki, baya, tsakanin yatsu, har wuyan hannu. Ta kama yaran ɗaya bayan ɗaya ta cuɗa, ta ɗauraye, ta danna tawul. Kowa da wurinsa a jikin tawul ɗin, domin a dokarta mutum biyu ba sa goge hannu a wuri guda. Ta wanke nata. Ni kuwa na zagaya bayan bishiya na jiƙa kan yatsu uku, na dawo ina yarfe hannu kamar na yi aiki.

Muka ci muka yi nak. Aka zuba wa mai faci nasa. Auta ta cinye cinya guda ta ce ta fi ta cikin gidan wasa daɗi, alhali ba ta taɓa ɗanɗana waccan ba.

A ƙofa an canza ma'aikata. Wani sabon mai gadi, dogo mai siririn gashin baki, ya ce a nuna hannu. Na nuna nawa, taurarona na nan daram. Yara suka miƙa nasu. Hannuwa biyar fes, suna ƙamshin sabulu. Goggo ta juya nata hannun, ta kalla, ta sake juyawa.

Mai gadin ya ce ni in wuce, sauran su je taga su sayi tikiti. Na yi masa bayani, na haɗa da rantsuwa, na kira shi yallaɓai, na kira shi babban yaya. Ya ce kullum sai ya ji irin wannan labarin sau goma. A jakar Goggo kuwa kuɗin bas ne kawai. Auta ta ɗaga kai tana kallon lilon yana juyawa ta saman katanga, ba ta yi kuka ba, ta dai tambayi Goggo ko gobe ne za a hau. Da ma kukan ta yi.

Na ja Goggo gefe na raɗa mata cewa mai faci na da biro, ni kuma na iya zane, in an ba ni minti biyar zan fitar da taurari shida da ko mai kamfanin ba zai gane ba.

"Tsuntsu," ta ce, "na biya kuɗina. Ba zan shiga da zanen ƙarya wurin da na biya ba."

Ta koma ta ce wa mai gadin ya kira mata babbansu. Ya ce yana aiki. Ta ce ita ta gama nata aikin tun bara, tana da lokaci. Ta tsaya a gefen ƙofar da jikoki biyar a jere, ba ta tare hanya ba, ba ta ɗaga murya ba, tana dai kallonsa. Bai kai minti goma ba ya ɗauki rediyonsa.

Babban nasu ya zo, wani mai tumbi da baƙin tabarau, yana tafe yana share gumi. Ya saurara rabi da rabi, ya ce ya tausaya, amma doka doka ce, hatimi shi ne shaida.

"Hatiminku na nan," in ji Goggo. "Wuri ya canza."

Ta zaro farin tawul ɗin ta shimfiɗa a teburin binciken jaka, ta miƙar da shi da tafin hannu kamar za ta yi guga. Ga su nan a jere, tabo shida masu launin shunayya, kowanne da tazararsa. A biyu daga ciki har ana ganin ƙafafun tauraro. Ta bi su da yatsa tana faɗin mai kowanne, daga babban jika har Auta, na ƙarshe nata. Sai ta cafko hannuna ta kwantar kusa da su, ta ce a gwada launin da na wannan, shi bai wanke hannu ba, haka ya ci abinci. Mutanen da ke layi suka kwashe da dariya. Wata mata ta ja ɗanta nesa da ni.

Babban ya ce tawada ai ko'ina ana sayarwa. Goggo ta ce gaskiya ne, amma wa ya gaya mata launin yau tun daga gida? Ta miƙa masa hannu ta ce ya buga mata sabo. Ya karɓi hatimin ya buga. Ta fito da sabulunta, ta sa ni tsiyaya ruwan gora, ta wanke a gabansa yadda ta saba, ta danna a gefen tawul inda ba a taɓa ba. Ta ɗaga. Tabo na bakwai ya fito, ɗan uwan sauran sak.

Ya cire tabarau ya sunkuya. Goggo ta ce masa tawadar ta ruwa ce, mai araha, sabulu na ɗaga rabi, tawul ya kwashe saura, kuma yaro mai yawan gumi ma zai iya rasa tasa kafin la'asar. Ta ce shekara ashirin da bakwai tana faɗa da tabo, ta san wanda ke da zuciya da wanda ba shi da ita.

Mutumin ya yi dariya har tumbinsa na rawa, ya ce wa mai gadi a buga musu. Goggo ta ce a buga a sama, kusa da gwiwar hannu, domin in sun sauko za su sake wankewa. Haka aka yi. Kafin mu wuce ya rage murya ya nuna mata bakin hannun rigarsa, inda tawadar ta ɓata, ya tambayi magani. Ta ce ruwan sanyi, kada ya kuskura ya sa na zafi.

Muka hau babban lilon mu bakwai a keji ɗaya. Lilon ya ɗaga a hankali, rumfuna suka ƙanƙance, motoci suka koma kamar ƙwaro. Da muka kai can ƙoli ya tsaya cak, iska na kaɗa mu. Auta ta zura hannu ta tsakanin ƙarafa ta ce saura kaɗan, girgijen ne ya matsa. Yayyenta na ihu suna neman rufin gidansu. Na juya in ga fuskar mai nasara, sai na tarar idonta a rufe gam, ta damƙe rigata da hannu biyu, leɓɓanta na motsi. Sau uku lilon ya zagaya, ba ta ga komai ba. Da muka sauko Auta ta ce a sake. Goggo ta ce su je da Tsuntsu, ita za ta tsare jaka. Sau huɗu muka sake.

Washegari na same ta a baranda ta jiƙa tawul ɗin a roba. Na ce mata ta dakata, wannan kayan tarihi ne, gilashi ya kamata a sa shi. Na gaya mata na ba da labarin a tasha da shagon aski, cewa ta ciyar da mutum takwas, ta shayar da su, ba ta sayi ko tsinke a ciki ba, ta kuma kayar da kamfani guda da sabulu. Na ce in da adalci, ya kamata a kafa gunkinta a ƙofar nan riƙe da gora.

Ba ta ɗago ba. Ta murza tawul ɗin ta ce, "Hannu na wanke wa yara. Matsa, ka tare mini haske."