Ranar da Malama Yakaka Ta Ƙi Ba da Waƙa

Duk wanda ya ce min Malama Yakaka ta yi rashin haƙuri, wallahi sai mun ɓata da shi. Tare muka yi koyarwa, a kan idona aka yi komai.

A Azare aka haife ta, iyayenta Barebari ne da suka taso daga Gaidam. Tana ƙarama gwaggonta ta ɗauke ta riƙo zuwa Diffa ta Nijar, can ta yi boko har Faransanci ya zauna mata a baki. Da gwaggon ta rasu ta dawo gida, ta yi aure, ta sami aikin koyar da Faransanci a firamaren kuɗi ta wani Alhaji Sherif. Babu littafi ko ɗaya. Sai ta kama koyar da yaran yadda ake gaɗa: ta shirya waƙoƙinta na ƙirga da launuka da gaisuwa, ita ta ba da waƙa, yara su yi amshi suna tafi. Iyaye suka riƙa tururuwar kawo 'ya'yansu, Alhaji ya sa aka rubuta Faransanci da manyan baƙaƙe a ƙofar makaranta.

Ana gab da bikin yaye ɗalibai mahaifiyarta ta kwanta ciwo a Katagum, gidan ƙanenta. Ta nemi izini aka hana ta, ta tafi abinta. Uwa ce fa! Da ta dawo, a taron safe, gaban yara, Alhaji ya ce, "Ke da wannan yaren naki na 'yan ga-ruwa, kin ɗauka sai da ke za mu yi? Yara sun haddace waƙar biki. Kama gabanki." Ajin ya damƙa wa Abbas, ƙanen matarsa, wanda ko gaisuwa bai iya da Faransanci ba. Ni na yi kuka, ita ko ƙwalla ba ta yi ba.

Shi Alhaji daga ofis yake jin gwajin waƙar. Muryar Yakaka siririya ce, ba ta isa can, sai ta yara. Bai taɓa leƙa ajin ba, balle ya san amshi kaɗai suka iya. Abbas ya gane, tsoro ya hana shi faɗa. Ni ma na sani, na tsuke bakina, kuma har gobe ban yi nadama ba.

Ranar biki aka kafa rumfuna, manyan baƙi suka cika kujeru. Sai ga Yakaka cikin lafaya sabuwa fil, ta zauna a sahun gaba. Yara suka jeru, Abbas ya ce, "Ku fara!" Suka fara tafi, suka yi ta tafi, babu mai ba da waƙa. Tafin ya mutu. Yaran duk suka zuba wa Yakaka ido, ita kuwa tana duba lallen hannunta.

Alhaji ya taso gumi na keto masa, ya rusuna a gabanta. "Malama, don Allah ki rufa min asiri. Gobe ki koma bakin aikinki."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ai sun haddace."

Kai, na ji daɗi har cikin raina! Ta miƙe ta nufi ƙofa a hankali. Sai da ta kai bakin titi ta juyo, ta yi tafi, ta ba da waƙa da iya ƙarfin muryarta. Yaran suka amsa da murya ɗaya, suka diro daga dandamali suka bi ta, iyaye na biye da su suna ɗauka a waya. A gaba-gaba akwai Khadijatul Kubra, autar Alhaji. Ya ƙwala mata kira a lasifika, yarinyar ko waiwaye.

Yanzu Yakaka a zauren gidanta take koyarwa, ya cika maƙil har waje. Autar Alhaji ta ƙi cin abinci sai da aka yarda a kai ta. Ya turo direba da ita, Yakaka ta mayar da su, ta ce ba ta karɓar ɗaliba sai daga hannun ubanta. Kullum bayan la'asar za ka ga Alhaji tsaye a ƙofar zauren, yana jira ta ce ya shigo da ita.