Wurin da Nake Bar wa Yayata

Waƙar lugude ce, ni da yayata muka gada wurin innarmu a Bungudu. In na kai taɓarya sai in yi baiti in dakata, yayata kuma ta kai tata ta amsa. Da Allah ya karɓi ranta ban bar waƙar ba, amma duk inda amshinta yake sai in yi shiru, in bar mata wurinta. Shekara da shekaru haka nake yi.

Ana nan, ana nan, sai ga samari huɗu daga Tsafe. Da kalangu da gurmi suka faro, daga baya suka ƙaro fiyano, suna bin tsofaffi suna ɗaukar waƙoƙin da. Suka durƙusa, suka ajiye waya gabana, na rera musu.

Babbansu ya ce, "Inna, mantuwa kike yi ne? Waƙar duk giɓi."

Na ce, "Ba giɓi ba ne, ɗan nan. Mai wurin ce ba ta nan."

Ya ce, "Allah ya jiƙanta. Za mu gyara."

Suka kuwa gyara. Duk inda na yi shiru suka cike da fiyano. Waƙar ta ɗaga su, yau ba bikin da za a yi a Gusau ba a kira su ba. Jikokina ma irin tasu suke rerawa, babu tsayawa.

Shekaranjiya ina surfen gero, na ji bakina yana bin tasu. Har na kai ƙarshe ban dakata mata ko sau ɗaya ba. Na jingine taɓarya, na sake farowa a hankali, sai na rasa inda take shigowa.