Guzurin Ɗan Fari

Ban taɓa kiran sunan ɗana na fari ba, kuma ban taɓa zama na yi hira da shi a gaban mutane ba. Haka aka rene mu. Da ya samu shiga babbar lakwal, wato jami'a, a Yamai, abin da na iya yi masa shi ne kilishi.

A shekarar da ake ta kafa jam'iyyu, ya dawo Maradi gab da babbar salla don an rufe musu lakwal, malamai suna yajin aiki. Aka ce da an gama salla za a buɗe. Ƙanena na Tsibiri ya aiko mini da cinyar sa, na zauna da wuƙa ina fere naman fale-fale har bayana ya ƙage. Na shanya a kan kara, na wuni ina korar ƙuda da shirwa. Da ya bushe na tsoma shi cikin labu, wato kwaɓin tunkuza da citta da barkono, na sake shanyawa, sannan na gasa sama-sama a kan garwashi. Na naɗe a takardar buhun siminti, na rataye a ɗakina inda ɓera ba ya kaiwa. Ƙannensa suka yi ta kewaye ni kamar kyanwoyi, na ce wanda ya taɓa sai na karya masa yatsa.

Salla ta wuce, ba a buɗe ba. Damina ta sauka, kilishi kuwa ba ya shiri da danshi. Da na ji ya fara laushi sai in kwance, in hura wuta, in bi shi falle-falle, in sake naɗewa. Rediyo ta ce sati mai zuwa, in shirya masa jaka, sati ya zo a ce an ɗage. Na gaji da rediyon, na gaji da masu surutu a cikinta, na gaji da hayaƙi. Kowane gashi kilishin ƙara ƙanƙancewa yake, yana duhu. Shi kuma yaron yana zaune a zaure, tun yana buɗe littafi har ya daina.

Bayan an yanke gero ya same ni a bakin murhu, na baza kilishin ke nan. Ya tsuguna nesa kaɗan, kansa ƙasa.

"Inna, ki bar wahalar ga haka nan. Na samu aikin ban ruwa a wani lambu a Jiratawa, nan kusa da gari. Ba ni komawa Yamai."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ba a koya mini yadda ake roƙon ɗan fari ba. Na ci gaba da juya naman. Can na tambaye shi, ba tare da na dube shi ba, ko in naɗe masa ya tafi da shi.

Ya ce in ba yara su ci, Jiratawa da yamma ake dawowa.