Yatsan da Baba ke saƙa da shi

Babanmu masunci ne a Garou, amma tun ina ƙarama ya bar shiga ruwa ya koma saƙar taru. Zai zauna gindin mangwaro, ya miƙe ƙafar dama, ya rataya bakin tarun a babban yatsa, ya ja. Wai yatsan ke gaya mai in zare ya yi tsauri ko ya saki. Har daga Gaya masunta ke tsallako gada saboda tarunsa.

Shekara da shekaru ana jan yatsa guda, ai ko jaki ne ya gaji. Gaɓar ta kumbura ta ƙage, takalmi ya gagara. Yayanmu mai sayar da albasa a kasuwar Malanville ya kai shi asibiti Parakou. Lokotoro ya kankare inda ƙashin ya cinye, ya sa ɗan ƙarfe a gaɓar. Ciwo ya tafi sarai. Sai dai lokotoron ya kafa doka: kada a sake rataya komi a yatsan nan.

"To, mi aka gyara?" in ji Baba.

Ya gwada ƙafar hagu, ya ce jahila ce. Muka kafa mai turke. Tarun ya fito wani ido babba, wani ƙarami. Mai shi ya karɓa don kunya, bai sake dawowa ba. Baba ya naɗe zarensa, ya daina ba'a, tuwo ma sai ya taɓa ya ture. Wallahi na ji tsoro.

Inna kuwa, wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana mitar tsintar zare cikin miya, ran nan da hantsi ta jawo tabarma ta zauna gabansa. Ta miƙe ƙafa, da lallenta da komi.

"Rataya, Malam."

"Ke mi kika sani a taru?"

"Na san zafi. In ka matsa, unguwa za ta ji."

Unguwa kam ta ji. "Wayyo, cire shi za ka yi?" Sai ya sassauta. "Yanzu kuma kwana kake?" Sai ya ja. Tarun ya fito daidai, masunta suka dawo.

Zuwana na bara na tambaye shi wane yatsa ya fi iya aiki.

"Nawa mana, shi ba ya da baki," ya ce. Ya ɗaure ƙulli biyu, bai ɗago kai ba. "Amma bai taɓa tambayata ko na ci abinci ba."