Idanu Uku na Kyamarar Malam

Akwai wani mako guda a rayuwata wanda ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai iya kwashe shi. Shi ne makon da ni da maigidana muka yi gardama a kan idon kyamara, kowannenmu ya yi gaskiya, amma muka haɗu muka tafka kuskure.

A lokacin muna zaune a Gaya, ba a daɗe da fara kashe naira ba. Maigidana mai hoto ne, yana da ɗan shago a bakin hanya, taku uku ne daga ƙofa zuwa bango. Malam nake ce masa, domin ya taɓa koyarwa a firamare kafin hoto ya ɗauke masa hankali. Shi ya koya mini riƙe kyamara, saboda matan da ke cikin kulle suna son hoto, shi kuwa iyakarsa zaure. Sai ya tsaya a waje ya saita mini komai, ni in shiga in ɗauka. Da farko mata dariya suke yi mini, daga baya suka koma aikowa a kira ni.

Wata rana ya kai tsohuwar kyamararsa Kano ya sayar, ya dawo da wata, irin wadda ake kwance gilashin gabanta a ɗaura wani. Wannan gilashin shi muke kira ido. Mai shagon da ya sayar masa abokinsa ne, sai ya haɗo shi da idanu uku, ya ce ya je ya gwada su mako guda, ya riƙe biyun da ƙarfinsa zai iya, ya mayar masa da ɗaya. Malam ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya jera su. Ɗaya dogo ne kamar guntun taɓarya, yana jawo abin da ke nesa ya ajiye maka a gaba. Ɗaya gajere ne kamar gwangwanin madara, yana kwaso wuri mai faɗi. Na ukun ba shi da wani abin burgewa, yadda idonka ya ga abu haka shi ma yake ganinsa. Nan take na raɗa musu suna, Dogo da Gajere da Na Tsakiya.

Dogo ne ya shiga ran Malam. Ya fita ƙofar gida ya hango wani mai rake can bakin kasuwa, ya dawo yana ba ni labarin har gaɓoɓin raken ya gani. "Wannan kam ya zauna," in ji shi. "Na Tsakiya ma ya zauna saboda aikin shago. Gajeren nan ne zai koma, ban ga amfanin idon da ke mayar da mutum kamar tururuwa ba." Ya naɗe shi a tsumma ya tura ƙasan jaka. Ni kuwa ko leƙawa ban yi ta cikinsa ba.

Ana saura kwana uku makon ya cika aka aiko mana daga Ajingi, wai ana son hoto a wani gida. Washegari ranar kasuwarsu ce, muka bi motar 'yan kasuwa, Malam rungume da jakarsa kamar mai jego.

Gidan manoma ne, babban gida. A zaure maigidan ya yi mana bayani. Yayarsa ta bi mijinta Sudan shekaru masu yawa, ba ta ƙara zuwa ba. Wani mutumin garin da ke zaune kusa da ita a can ya zo ganin gida, jibi zai juya, shi ne mahaifiyarsu ta ce lallai a ba shi hoton iyali ya kai mata. Matsalar ita ce tsohuwar ta zame a bakin rijiya ta karye a ƙafa, maɗori kuma ya ce kada a kuskura a ɗaga ta daga gado sai ta yi kwana arba'in. Malam ya ɗauki mazan gidan a ƙofar zaure, sannan ya miƙo mini kyamarar da Na Tsakiya a jikinta, na shiga ciki.

Ɗakin tsohuwar ƙarami ne, gado ya cinye rabinsa, jeren kwanuka ya cinye sauran. Tana zaune ta jingina da bango, ƙafar da aka ɗora a miƙe, an ɗaure ta da karare da tsumma. Ta dube ni sama da ƙasa.

"'Yar nan, ke ce mai hoton?"

"Ni ce, Iya."

"To ki saurara. Lokacin da 'yata ta bar gidan nan, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan matan da yaran. Ina so ta ga kowa. Duk wanda kika bari a waje, za ta ɗauka mutuwa ya yi aka ɓoye mata. Sannan ƙafar nan kada ta fito. In ta gan ta, hankalinta ba zai ƙara kwanciya ba, ga ta a nesa."

Na ƙirga su. Matan 'ya'yanta uku da jikoki, har da na goye, da ita kanta, mutum goma sha shida. Suka cusu a ɗakin, wasu a bakin gado, wasu a ƙasa. Na ja da baya har ƙeyata ta bugi bango, na leƙa, mutum biyar kawai na gani. Na koma kusurwa, na samu shida da rabin fuskar wata.

Na fita zaure na gaya wa Malam. Ya ce in raba su kashi uku, in ɗauki kowane kashi da Iya a tsakiya. Na koma na faɗa mata, ta girgiza kai. "Hoto uku? Sai ta ce gidan ya rabu, kowa ya ja tukunyarsa." Na sake dawowa zaure. Maigidan, bawan Allah, har ya fara maganar ko a fasa bangon ɗakin ta baya, in ya so bayan kaka ya gyara. Da gaske yake, don ya aika a nemo masa diga.

A nan ne na tuna da abin da ke ƙasan jaka. Na ce, "Malam, ba ni Gajere."

"Wannan ai na mutane ne, na riga na naɗe shi."

"Ai mako bai cika ba tukuna."

Ya dube ni, ya dubi maigidan da ke jiran diga, ya kwance tsumma ya ɗaura mini.

Har yanzu ina jin daɗin da na ji lokacin da na sa idona. Ɗakin nan ya buɗe kamar an ture bangonsa. Ga mutum goma sha shida cif, ga kwanuka, har da wata kaza da ta leƙo ta ƙofa. Sai dai murnata ba ta daɗe ba, domin shi Gajere duk abin da ya fi kusa da shi kumbura shi yake yi. Ƙafar Iya ce ta miƙo wajena, ta fito kamar gungumen itace, ta fi kan mai ita girma. Abin da aka ce in ɓoye shi ne ya cika hoton.

Na tsaya ina tunani, sai na lura in na ɗaga kyamarar sama ƙafar tana raguwa. Na ce a shigo mini da turmi. Aka kifa shi a bakin ƙofa ta ciki, na ɗaure zanena da kyau na hau, wata maƙwabciya ta riƙe mini ƙugu. Aka lulluɓe ƙafar da farin saƙi, aka zaunar da ƙananan jikoki biyu a gefe da gefe, aka ja musu kunne kada wanda ya jingina. Daga sama babu abin da ake gani sai tsohuwa da jikokinta a kan gado.

Sai na jiyo muryar Malam ta kan katanga. "Akwai haske kuwa?"

"Babu, Malam, mutane sun tare ƙofa."

"A nemo faranti masu ƙyalli da madubi, a tsaya a rana a haska ciki."

Kafin ka ce me, matan maƙwabta sun cika tsakar gida, kowace da farantinta. Suka yi ta juya su har hasken rana ya shigo ta saman kaina ya sauka a kan rufi da fuskoki. Wata mai madubi ta dalle idon Iya, ita kuwa ta fashe da dariya tana cewa yau an mayar da ita amarya. Ɗakin gaba ɗaya ya ɗauki dariya, ni kuma na danna. Sau uku na ɗauka, na sauko daga turmi.

Na fito ina ta yabon Gajere. Malam ya karɓi kyamarar, bai sauya idon ba, ina jin so yake ya ga abin da na gani. Hanyarmu ta zuwa tasha ta bi ta kara, inda ake cinikin shanu. Wani Bafulatani ya ga kyamara a wuyansa ya tare mu. Yana da wani farin bijimi da ya raina tun yana maraƙi, yau zai rabu da shi, yana son hotonsa. Malam ya sa ido, ya ga bijimin can nesa ɗan mitsitsi, sai ya matsa. Ya ƙara matsawa.

"Malam, ka isa haka nan," in ji Bafulatanin.

"Ai da saura, yana da nisa."

Ni da nake gefe ina ganin tsakaninsa da hancin bijimin bai fi kamu biyu ba. Kafin in buɗe baki, bijimin ya yi huci a kan gilashin ya kaɗa ƙaho. Malam ya ɗago kai ya gan su ido da ido, ya yi baya da sauri, sai ga shi zaune daɓas a cikin komin da ake shayar da shanu. Hularsa ta faɗa ruwa, amma kyamarar tana sama, ya ɗaga ta da hannu biyu. 'Yan kara suka yi dariya har da masu riƙe ciki. Shi ma da ya ga ba abin da ya same shi sai ya taya su. Ya tashi yana ɗiga, ya ɗaura Dogo, ya koma can gindin wata bishiya, daga nan ya ɗauki bijimin hankali kwance.

A mota ya ce, "Kin gani ko? Gajeren nan maƙaryaci ne. Yau da ya sa an yi jana'izata."

Na ce, "Da Dogo na shiga da shi ɗakin Iya, kunnenta kaɗai zan ɗauko."

Washegari ya wanke hotunan. Na Iya ya fito tas, kowa yana dariya, babu alamar ƙafa. Na bijimi ma ya fito har ana ganin gashin girarsa. Malam ya riƙe nasa, na riƙe nawa, muka wuni muna gardama. Shi ya ce ba zai rabu da Dogo ba, ni na ce in Gajere ya koma to ya nemi wata mai shiga masa gidaje. Na Tsakiya yana kan tabarma, babu wanda ya ce uffan a kansa. Da mako ya cika, Na Tsakiyan ne Malam ya naɗe a tsumma ya kai Kano, muka yi ta yaba wa kanmu da iya sulhu.

Hoton Iya ya samu mai tafiya Sudan kafin ya tashi. Bayan wasu watanni wasiƙa ta zo, 'yar ta ce ta ƙirga kowa ta kuma yi kukan daɗi, sai dai a gaya mata gaskiya, me ya sami mahaifiyarta? Ita dai tun tasowarta ba ta taɓa ganinta zaune a kan gado da rana ba. A lokacin Iya ta riga ta miƙe tana takawa, ta aiko mini da saƙon tana dariya, haɗe da ƙwaryar gyaɗa.

Mu kuwa ba mu gane abin da muka yi ba sai da lokacin shirin aikin Hajji ya zo, maniyyata suka fara zuwa hoton fasfo daga Kademi da Balan da sauran ƙauyuka. Wannan shi ne aikin da ke riƙe da shagon duk shekara. Malam ya gwada Gajere a kan wani dattijo, hoton ya fito hanci ya cinye fuska, kunnuwa sun gudu baya. Dattijon ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Malam, wannan in na kai shi, ba za su bar ni in hau jirgi ba." Ya gwada Dogo, shagon ya yi masa kaɗan, ko ya manne da bango ido ɗaya da gefen hanci yake samu. Ya garzaya Kano, ya tarar an sayar da Na Tsakiya tuntuni.

Haka muka yi wannan shekarar. A zaunar da maniyyaci a ƙofar shago, in rataya farin ƙyalle a bayansa, Malam ya tsallaka hanya ya shiga shagon telan da ke kallonmu, daga can yake ɗauka. Yana ɗaga murya, "Baba, ɗaga haɓarka kaɗan," sai jaki da kaya ya gitta, a jira ya wuce, a sake sabon shiri. Telan har ya saba, da ya ga an zaunar da mutum sai ya janye kekensa gefe ba tare da an roƙe shi ba. Sai da shekara ta zagayo muka samu wani Na Tsakiyan.

Abin da na koya shi ne, ni da Malam kowa ya yi zaɓe ne da ranar da ta fi burge shi, muka manta da sauran ranakun da muke cin abinci a cikinsu. Tun daga nan, in zan zaɓi wani abu, ko kayan aiki ne ko abokin zama, ba na fara tambayar wanne ya fi ba ni mamaki. Ina fara duba wanda yake yi mini aiki kullum ba tare da na lura da shi ba, in ajiye shi gefe tukuna, sannan a yi gardama a kan sauran.