Malam Habibullah Ya Buɗe Aikinsa, Ku Kun Rufe Naku

A da, idan Malam Habibullah Cindo ya idar da sallar asuba ba ya komawa shimfiɗa. Yakan zare kwamfutarsa daga caji, ya sha kunu a tsaye, ya hau babur zuwa cibiyar koyon sana'a da ke nan Gumel, inda ya shafe shekaru yana koyar da zane da kwamfuta: katin biki, kalanda, allon shago, sitikar buhun riɗi. Ran Alhamis kuma sai ya bi motocin kasuwa zuwa Maigatari, wani makon Gagarawa Tasha, wani makon Ɗanzomo, da filas, ɗan abin kwafe aikin kwamfuta, a aljihu. Darussan malamai 'yan'uwansa yake zuwa karɓa don ya ɗora musu a intanet, saboda sabis ɗin wasu wuraren ko gaisuwa ba ya iya kaiwa, balle hoto.

Ni shagon buga takardu gare ni, don haka aikin malaman zane na ƙananan hukumomin nan huɗu ta hannuna yake bi. Ku malamai, na san halinku, kuma yau sai na faɗa.

Aikin zane hawa-hawa ake jera shi: launin ƙasa daban, hoto daban, rubutu daban. Wanda ya sami aikin a buɗe zai ɗaga kowane hawa ya ga yadda aka yi. To al'adar malamanmu ita ce su danne komai ya zama hoto guda kafin su nuna wa ɗalibi, wai kada a kwashe musu sirri. Yaro ya yi wata da watanni yana kallon abin da ba zai taɓa ganin cikinsa ba, a ƙarshe a ba shi shaidar kammalawa alhali sauya sunan ango da amarya kawai ya iya. Wannan zalunci ne, ko da an kira shi koyarwa.

Abin ya daɗe yana ci wa Malam Habibullah tuwo a ƙwarya. Shi ya sa ya buɗe shafin intanet guda, bulog, na malaman zane duka, kowa ya riƙa sa darasinsa ɗan'uwansa ya ɗauka. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: duk aikin da za a sa, a sa shi a buɗe. Ranar da aka taru a kan maganar kowa ya ce madalla, aka ci shinkafa, aka ɗauki hoto. Sayen data da yawon babur kuwa, shi kaɗai aka bar wa.

Da farko abin ya yi albarka. Malama Jannatu ta Ɗanzomo, mai koyar da aji guda da kwamfuta ɗaya tak, ta gaya mini ranar da ɗalibanta suka fara buɗe aikin wani malami suna ɗaga hawa-hawansa, sai da ta kore su kafin su tafi gida.

Sai aka sami matsala. Wani mai buga takardu ya ɗauke kalandar Malam Abdulfatah na Maigatari daga shafin, ya goge sunansa, ya baza ta a kasuwa. A shagona Malam Abdulfatah ya tarar da Malam Habibullah, ko zama bai yi ba.

"Malam, ka ga abin da shafinka ya jawo mini? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!"

"An cuce ka, Malam Abdul, ban musa ba. Mu je wurin mutumin nan tare, yau ɗin nan."

"Ba inda za ni. Goge mini aikina kawai."

Ya goge masa, don haƙƙinsa ne. Malam Abdulfatah dai an cuce shi da gaske, ban ga laifinsa sosai ba. Amma ku sauran, wa ya taɓa ku? Dama neman hanya kuke yi. Cikin mako guda kowa ya janye nasa, wasu kuma suka mayar da hotuna dannannu, suka ci gaba da shiga suna kwasar na wasu. Shafin ya kama hanyar mutuwa.

Malam Habibullah bai kira taro ba, bai yi wa kowa wa'azi ba. Yana da wani zane na sitikar buhun riɗi da zoɓo wanda 'yan kasuwar Maigatari ba sa yarda da na kowa sai nasa, da shi yake ƙara cefanen gidansa. Shi ya ɗauka ya sa a shafin, a buɗe, har da bayanin yadda ake haɗa launin don kada ya dushe a wurin bugawa. Na ce masa, "Malam, wannan fa abincinka ne." Ya ce, "Alhaji, in na ce su buɗe nasu ina rufe nawa, ai na zama maƙaryaci."

Kuma abin da na ji tsoro shi ya faru. Kafin kaka ta zagayo, masu ba shi aiki sun koma wurin waɗanda suka kwafi zanensa suna yi da araha. Cikin masu kwafin har da malaman da suka janye nasu, kuma suna haɗuwa da shi a masallaci su gaishe shi ko kunya babu. Bai sauke zanen ba. Ya ci gaba da sa darasi duk mako, Malama Jannatu na taya shi, har shafin ya farfaɗo.

Malam, kai ne ka ɗauki asarar da kowa ya guje wa. Kai ne rijiyar bakin hanya, mai gaisuwa ya sha, marar gaisuwa ya sha. Ɗaliban da ke cin abinci da zane yau daga Sule Tankarkar zuwa Gagarawa, da yawansu ba su san fuskarka ba, amma a cikin aikinka suka fara gane abin da suke yi. Mun gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka lafiya.

Yanzu likita ya hana shi kallon kwamfuta, idonsa ya yi rauni, ya ajiye aiki. Kafin ya tafi ya bai wa kowane malami kalmar sirrin shafin, bai ware ko waɗanda suka ci amanarsa ba. Tun daga ranar, in ban da Malama Jannatu, babu wanda ya sa ko layi ɗaya. Ina jin ana shirya masa walimar ban-kwana da allon yabo. Ku riƙe allonku, ba zai ma iya karanta shi ba. Kowannenku ya je ya zaɓi aikin da ya fi ji da shi, ya sa a buɗe. Shi ya gama nasa, kuma in shafin nan ya mutu, kada wanda ya ce ciwon idon Malam ne ya kashe shi.