Wadda Ke Hango Mana Ƙura Daga Sama

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Da hantsin Talata, sha ɗaya ga watan Maris, mijinki ya bugo waya ofishinmu na hasashen yanayi, ya ce ciwon huhun da ya daɗe yana wahalar da ke ya ci ƙarfinki. Yaya, har yanzu ban iya zama a kujerarki ba.

Shekara tara ina gefenki kina koya mini karanta hotunan tauraron ɗan'adam. Inda nake ganin rairayi kawai, ke sai ki ɗora yatsa a allon kwamfuta ki ce, "Ƙanwata, dubi bakin busasshen tafkin nan. Ƙasa ta fara motsi." Direbobin da ke ratsa kwarin hamada suka raɗa miki suna Mai Ido a Sama, kina dariya kina cewa idon da tabarau yake gani.

Ba zan manta safiyar da manyan motoci bakwai suka yi shirin tsallaka kwarin ba. Lissafin na'ura ya ce hanya lafiya lau. Ke kuwa kika hango wani siririn zare ja-ja a gefen hoton, kika kira shugaban direbobi.

"Baba, kada ku tashi yau."

"Haba Hajiya, sama fa tas take!"

"A wurinku take tas. Ku ba ni zuwa la'asar."

Kafin la'asar ƙura ta tashi kamar katanga, ta binne hanyar har kwana biyu. Mutum ashirin da uku suka koma gidajensu lafiya, yawancinsu ba su taɓa ganin fuskarki ba. Ko da tari ya tsananta, ba ki daina fita duba na'urorin awon iska da kanki ba. Na sha yi miki faɗa. Da ma na fi haka matsa miki.

Yanzu ga lokacin guguwa ya kama, ni kaɗai ce a ɗakin. Shekaranjiya na ga wani duhu a hoton, na tsayar da motoci. Suka wuni a tasha, ko iska ba ta kaɗa ba. Baba bai yi fushi ba, ya ce in ci gaba da kira. Amma tsorona shi ne ranar da za su gaji da kuskurena su daina saurare, ko ranar da zan ce hanya lafiya alhali ba lafiya ba.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya, Ya yalwata kabarinki, Ya sa numfashin da kika sha wahalarsa ya zama kankarar zunubi. Ina miƙa ta'aziyya ga mijinki, da 'ya'yanki uku, da mahaifiyarki da ta tsufa ta ga wannan rana. Allah Ya ba su haƙuri. Mu kuma da kika bari da aikin, Allah Ya kiyaye rayukan da ke jiran maganarmu.